Wa Zai Yi wa Yusufu Ban Ruwa?

Jega Firchin,
3 ga Nuwamba, 1992.

Zuwa ga taubashina Yusufu, manomin albasar Aliero,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Malam Labbo mai gonarka da iyalinsa. Ni lafiyata lau, in ban da babban yatsana da ƙarfen cire taya ya murƙushe a wurin faci. Farcen ya yi baƙi, amma ba da wannan hannun nake riƙe biro ba. Inna ta aiko daga gida, ƙafarta ta yi sauƙi. Ta ce a faɗa wa ɗan wanta ya manta da gwaggonsa.

Bayan gaisuwa, ga karatuna kamar yadda munka yi alkawari. Tun ranar da munka sa reza munka raba Littafin Kaka biyu, kai ka tafi da Yesu da manzanni, ka bar ni da sarakuna masu sare kawunan mutane, ban tsallake safiya ko ɗaya ba. Yanzu ina cikin Sama'ila na fari. Yau annabi ya shiga gidan Yesse neman wanda za a shafa wa mai. Anka jero masa manyan samari, dogaye, masu ƙirji, Ubangiji ya ce ba su ba. Sai da anka aika daji anka kira wanda ba a ma tuna da shi ba, yana warin tumaki. Na rufe Littafin ina ta murmushi ni kaɗai.

Ga dalilin murmushin. Ran Lahadi Baba Sabo mai bishara ya taso daga Maiyama, an goyo shi a kan kekensa. Idonsa ya ƙara lalacewa, don haka ni na karanta masa nassi a sujada, kamar kullum. Da anka tashi ya sanar cewa dattawan ikilisiyoyinmu uku, Jega da Aliero da Maiyama, sun haɗa hannu za su tura saurayi ɗaya makarantar Littafi Mai Tsarki can wajen gida, a watan Janairu. Ɗaya tak. Bai faɗi suna ba, amma mata biyu sun waiwayo sun dube ni.

Kai ma ka sani. Wa ke buɗe addu'ar safe a Jega shekara uku ke nan? Ba wanda ya taɓa zaunar da ni a aji. Da rubutun jikin manyan motoci na fara, ina kwance ƙarƙashinsu ina haɗa baƙi da wasali, ku kuna firamare ana ba ku alli kyauta. Yau in na karanta Zabura tsofaffi share hawaye suke yi. In ba ni ba, wa?

Ka taya ni addu'a, amma kada ka faɗa wa kowa tukuna. Mamuda direba zai miƙa maka wannan. Ka aiko da taka ayar.

Naka,
Irmiya.

Jega Firchin,
23 ga Nuwamba, 1992.

Yusufu,

Ina gaishe ka don Inna ta koya mini gaisuwa. Lafiyata lau. Taka ba sai na tambaya ba, na ji labari kana cikin ƙoshinta.

Jiya a gaban jama'a duka, ina tsaye da Littafi a hannu ban ma zauna ba, dattijo ya miƙe ya karanta takardar Baba Sabo. Wai bayan addu'a da shawara, an tsai da ɗan'uwa Yusufu na Aliero. Anka yi tafi. Matan nan biyu sunka sake waiwayowa, wannan karon da irin kallon da ake yi wa akuyar da mota ta buge. Ni ma na yi tafi. Da me zan yi?

Abin da ya fi cin raina ba zaɓen ba ne. Dattijon ya ce tun farkon wata anka sanar da kai. Ke nan wasiƙata ta iske ka da maganar a aljihu. Ka zauna ka karanta ina ce maka ka taya ni addu'a, kada ka faɗa wa kowa. Ka sha dariya? Ka karanta wa Malam Labbo shi ma ya sha? Daga Aliero zuwa Jega ko jaki ya isa kafin ya ji ƙishirwa, amma mako uku ba ka iya aiko da layi ɗaya ba.

Kai da in ka zo kan sunan Nebukadnesar sai ka tsaya ka yi numfashi sau biyu kamar mai hawan tudu. Kai da ni ke raɗa maka amsa a makarantar Lahadi. Ashe a gidan Yesse ɗin ni ne dogon banzan da anka wuce. Ai daman sunanka ya faɗa, ku Yusufu ku ake ɗinka wa riga mai ado, sauran mu mu yi ta kiwo.

Ba ni da aya yau. Na buɗe na karanta, don ba zan ba ka dalilin cewa ni na fara karya alkawari ba, amma ba abin da ya shiga.

Irmiya.

Aliero,
1 ga Disamba, 1992.

Zuwa ga ɗan'uwana Irmiya,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Ina lafiya, sai ciwon baya na dashe. Yaya yatsan? Ka riƙa gasa shi da ruwan ɗumi da gishiri. Malam Labbo yana amsa gaisuwarka ta farko.

Ɗan'uwa, ban yi shiru ba. A ranar da na sami wasiƙarka ta farko na rubuta maka komai, na ba Mamuda. Ya jefa ta aljihun mota ya wuce Anacha da lodi, motar ta lalace masa a hanya. Shekaranjiya ya dawo ya miƙo mini abata duk ta sha baƙin mai, yana ba da haƙuri. Kuskurena shi ne da ban taso da ƙafata ba. Kunya ce ta hana ni, ban san da wace fuska zan dube ka ba. Ban yi dariya ba, ban kuma nuna wa kowa ba.

Ban nemi abin nan ba. Da Baba ya faɗa mini, na ce masa Irmiya ya fi ni baki, ya fi ni riƙe nassi. Ya ce ya sani.

Tafiyar ma ba ta tabbata ba. Na gama dashe makon jiya. Ka san yadda muke da Malam Labbo: gona da iri nasa, ƙarfi nawa, a raba in an cire. Na ba shi kalmata cewa zan tsaya kan albasar nan har ta shiga rudu, rumbun ajiyarta, wato sai wajen Maris. Ya tsufa, 'ya'yansa maza suna Sakkwato. Albasa kuwa in ta yi kwana biyu ba ruwa an gama. Da na kai masa maganar makaranta, ya ce neman sani ba abin hanawa ba ne, in na kawo wanda ya yarda da shi ya tsaya madadina, ya sallame ni. Duk wanda na sani a nan yana da nasa fangulan shuka da yake shayarwa. Ba ni da kowa sai kai.

To, bawana ɗan mace, ubangidanka na kira. Ajiye ƙarfen taya ka zo ka kama guga.

Karatuna ya kai ƙarshen Yahaya. Bitrus ya waiwaya ya ga ɗaya almajirin yana biye, ya tambayi Ubangiji, wannan fa, me zai same shi? Ubangiji ya ce masa ina ruwansa, shi dai ya bi shi. Tun safe take yi mini yawo a kai.

Naka cikin Ubangiji,
Yusufu.

Jega Firchin,
8 ga Disamba, 1992.

Ranka ya daɗe, Ubangida,

Bawanka yana gaisuwa. Yatsan bawa ya warke, an gode da magani.

Tun muna yawo ba wando kake ce mini bawa ina dariya, don na san ubangidan nawa ko kaza bai mallaka ba. Wasan taubasai ne, da ni da kai duk a tabarma ɗaya muke kwana. Amma yau da anka ɗaga ka anka ajiye ni, ka dubi tsabar idona ka ce in zo in ja maka guga, kai kana can kana juya takarda a inuwa? Wannan ba wasa ba ne kuma, suna ne ka kira ni da shi. Ka kuma ɗora mini aya a kai: ina ruwana. Duk Sabon Alkawari ba ka sami abin aiko mini ba sai wannan. Tun ba ka shiga aji ba ka iya jifa daga bagade.

Ran Asabar na ari keke na tafi Maiyama. Na iske Baba Sabo a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa da lalube. Ban ko gama gaisuwa ba na zazzage masa. Ya bar ni na yi ta yi har na gaji, ya tura mini kwanon gyaɗar ya ce in taya shi. Na tambaye shi ko takardar firamare ce. Ya ce makarantar ba ta damu da ita ba, in mutum ya iya karatu. Na ce to mene ne.

Ya ce, "In ka karanta, mutane kan fita suna cewa yaron nan ya iya. In Yusufu ya karanta, da tuntuɓensa da komai, sukan fita suna maganar abin da aka karanta."

Na ce ashe iyawa laifi ce. Ya ce ba laifi ba ce, kuma shi ba zai rantse cewa dattawa ba sa kuskure ba. Sun dai yi addu'a, a nan zuciyarsu ta kwanta. Sannan ya faɗa mini abin da kai ba ka faɗa ba, ko ba ka sani ba. Sunaye biyu anka kai gabansu. In kai ba ka samu tafiya ba, ba za a bar gurbin ya tafi a banza ba, ni za a tura. Na ce ya san kuwa ni kaɗai ne zan iya sakin ka daga gonar nan? Ya ce ya sani. Na jira ya roƙe ni, ko ya yi mini wa'azi, in sami abin da zan mayar masa. Tsohon nan sai kawai ya tambaye ni ko ruwa ya ja baya a mashigin Gumbin Kure.

To ka ji. Ba sai na yi maka komai ba. Zama kawai zan yi a Jega in ci gaba da facina, Janairu ta zo ta same ka da guga a hannu.

Ga tawa ayar, ni ma ban zaɓa ba. An dawo daga yaƙi, mata sunka fito da kiɗa suna waƙa, Saul ya kashe dubbai, Dawuda dubbai goma. Kowa zagin Saul yake yi. Ni ban taɓa jin mai wa'azin da ya tambayi matan nan wa ya aike su ba. Mutum ya yi shekaru yana yi muku yaƙi, ku rasa abin da za ku saka masa da shi sai lissafi.

Irmiya, ɗan mace.

Aliero,
15 ga Disamba, 1992.

Ɗan'uwana Irmiya,

Ina gaishe ka. Ina lafiya. Albasa ta kama ƙasa, ta fara miƙewa.

Ka yafe mini maganar bawa. Na rasa yadda zan roƙe ka, sai na ɓuya a bayan wasan da muka saba. Ban lura lokacinsa ya wuce ba.

Ayar kuwa ba kai na jefa ba. Nan karatuna ya kai, kuma ni ta kama. Kai ba ka sani ba, amma tun muna yara nake waiwayen ka. In ka miƙe a majami'a kana karatu kamar ruwa na gangara, ni ina zaune ina tambayar Allah me ya sa ya ba ka harshe ya ba ni dutse a baki. Ranar da Baba ya kira sunana, kafin tsoro ya zo, abin da na fara ji daɗi ne, cewa yau dai na wuce Irmiya. Ni ne Bitrus ɗin.

Ban san maganar suna na biyu ba sai a wasiƙarka. Ta sauƙaƙa mini. Ba zan karya kalmata ga Malam Labbo ba. Mutumin nan shi ke cewa in ajiye guga ran Lahadi in tafi sujada, ya karɓi ban ruwan da kansa da tsufansa. Ba shi da wani Littafin da yake karanta mu a ciki sai ni. Bayan Kirsimeti zan je Maiyama in shaida wa Baba a ba ka gurbin. Ba don ka ji kunya na faɗa ba. Ina son tafiyar nan, ba zan ɓoye maka ba, har na yi kuka a bakin rijiya. Amma na ce wa Ubangiji in nufinsa ne ya buɗe, in ba nufinsa ba ne ya ba ni ƙarfin ja wa Malam Labbo ruwa.

Ka fara shiri. An ce a tafi da bargo da fitila.

Naka,
Yusufu.

Jega Firchin,
22 ga Disamba, 1992.

Yusufu,

Gaisuwa. Lafiya ba lafiya ba.

Na sami wasiƙarka, na ce madalla. Na je kasuwa na taya bargo. Na faɗa wa maigidana Ɗahiru ya fara neman wani yaron faci.

Washegari ina jan addu'ar safe, mu bakwai ne a ɗakin. Munka shiga Addu'ar Ubangiji, ni a gaba kamar kullum. Da na iso wurin a aikata nufinka, bakina ya ƙi. Ni, Irmiya. Na buɗe shi, ba abin da ya fito. Sauran sunka wuce ni sunka kai Amin, ina tsaye kamar turmi. Wata tsohuwa ta ce ko mura ce. Kashegari haka. Na gwada faɗinta ni kaɗai a bayan shago, ta fito sarai. Amma a gaban Allah da mutane na san ƙarya zan yi, don na riga na shirya yadda nawa nufin zai aikatu, na kuma sa masa rigar nasa.

Sannan ga wannan Jonatan. Ɗan sarki ne fa, gadon nasa ne. Ya bi Dawuda har cikin kurmi inda yake ɓoye, ya ƙarfafa shi, ya ce masa kai za ka yi sarauta, ni in zama na biyunka. Na tsani mutumin nan. Na karanta wurin sau uku ina neman inda ya ciji yatsa, marubucin bai sa ba. Ni na tabbata ya cija.

Kada ka je Maiyama. Ka faɗa wa Malam Labbo ina zuwa bayan Kirsimeti ya dube ni, in ya ga zan iya. Ba don kai ba ne, kuma har yanzu ina ganin dattawa sun yi kuskure. Bakina nake so ya dawo.

In ka yi mini godiya, ko a baki ko a takarda, na fasa.

Irmiya.

Aliero,
9 ga Fabrairu, 1993.

Zuwa ga ɗalibi Yusufu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wasiƙarka ta iso. Tunda ka tambayi lafiyata: tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa, bayana kuwa ban san ko nawa ne ba. Wanda ya ce faci wahala ne bai taɓa shayar da fangali da ƙwarya ba. Inna lafiya. Baba Sabo ya biyo ta nan, ya shafa ganyen albasar da hannu ya ce ta yi kyau, kamar yana gani.

Albasarka tana nan, ta fara kai. Fangali biyu na gefen rijiya sun yi ja, na cika musu ruwa da farko. Malam Labbo ya duba ya ce, "Kai ɗan Jega, mi kake yi haka? Albasa anka ce ka shayar, ba shinkahwa ba." Kullum sai ya gaya mini yadda kai kake yi. Yusuhu kaza, Yusuhu kaza. Na baro waƙar matan nan a Jega na iske ta a bakin tsoho. Amma yana aiko mini da fura, kuma ran Lahadi tun kafin in yi magana yake karɓar gugan. Ya ce in an kusa cira za mu yanke mata ruwa mu kwantar da ganyen ƙasa, wai sai wuyan ya karye kan yake cika. Na san da kai ne da ka yi wa'azi da wannan. Kada ka soma.

A Jega wani ma'aikacin gidan waya ke jan addu'ar safe yanzu. An ce yana ƙoƙari. Ban tambayi fiye da haka ba. Ni nan nake nawa karatun a bakin rijiya da sassafe, Malam Labbo na can gefe yana lazimi, ba mai share hawaye sai jakinsa. Bakin ya dawo. Ina faɗin a aikata nufinka, wata rana da daɗi, wata rana kamar mai haɗiye maɗaci. Ina dai faɗi.

Kada ka ɗauka na warke. Da na karanta inda ka ce akwai ɗaki guda cike da littattafai har rufi, kuma an ba kowa cikakken Littafi mai taswira a baya, sai da na ajiye wasiƙar na je na zaga gonar. Ka ce ba ka gane rabin abin da malamin tarihi ke faɗi. Ka san yadda wannan layin ya yi mini? Ni da zan gane ina nan ina korar awaki.

To saurara, yau na zo da hujja. Dawuda ya tafi yaƙi, waɗansu mutanensa sunka gaji sunka tsaya a bakin rafi wurin kaya. Da anka dawo da ganima, 'yan baƙin ciki sunka ce kada a ba su komai. Dawuda ya ce a'a, rabon wanda ya tafi da na wanda ya tsare kaya ɗaya ne, ya kuma mai da shi doka. Doka ce, ba alfarma ba. Ka tambayi malamanka in ƙarya nake.

Saboda haka duk abin da anka koya muku, ka zauna ka kwafe mini shi, kowane mako, har wanda ba ka gane ba, musamman ma shi. Kada ka taƙaita, kada ka gyara. Ka ba mai mota da hannunka, ban da Mamuda. Zan karanta a bakin rijiya, inda ka yi kuskure in nuna maka, inda ya shige maka duhu in warware maka kafin jarrabawa. Ba zan tsare kaya a nan kai kuma ka je can ka faɗi ka kunyata mu ba.

Na tsaya nan, rana ta yi, fangulan gabas suna jira.

Taubashinka,
Irmiya.